Daga Ɗigo Zuwa Layi: Mayar da Hoto Zanen Bekta

Hoton da waya ta ɗauka tamkar tabarma yake. Matso kusa sosai, za ka ga saƙa ce ta ƙananan murabba'ai da ake kira fiksil, kowanne da launinsa, adadinsu kuma a ƙayyade. Idan aka ja hoton don ya cika allon talla, murabba'an ne ke kumbura, sai fuska ta dagule. Zanen bekta kuwa ba ɗigo yake ajiyewa ba, kwatance ne: tashi daga nan, lanƙwasa haka, tsaya can, cike ciki da kore. Ko a katin biki ko a jikin tirela, kwamfuta sake zana shi take yi, bakin layinsa kaifi ɗaya.

Bari in fara kawar da wani kuskure da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai ɗauko dusasshen tambarin da aka turo masa ta WhatsApp, ya jefa shi cikin manhajar zane ta CorelDRAW, ya adana da sunan SVG ko PDF, ya ce ai ya zama bekta. Bai zama ba! Sauya wa tuwo suna kawai aka yi, ɗigon nan suna kwance a cikin sabon mazubi. Shi ya sa mai buga bana zai buɗe fayil ɗin ya ce ba zai fita ba, shi kuma injin yankan sitika ya rasa layin da wuƙarsa za ta bi. Haka nan masu zaton mayar da hoto bekta zai dawo da fuskar kaka daga tsohon hoton da ya dushe. Ina! Abin da kyamara ba ta kama ba, lissafi ba zai haife shi ba. Mayar da hoto bekta ragi ne: a zubar da dubban launuka, a tsira da siffa.

Ita lanƙwasar layin bekta ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma asalinta a masana'antar mota yake. A 1959, a Faransa, wani masanin lissafi a kamfanin Citroën mai suna Paul de Casteljau ya gano hanyar kwatanta wa na'ura gantsarewar jikin mota da 'yan lambobi kaɗan. Kamfanin ya ɗauki abin a matsayin sirrin sana'a, ya hana shi bugawa tsawon shekaru. A kamfanin Renault kuma, injiniya Pierre Bézier ya kai ga irin wannan dabara ta tasa hanyar, ya kuwa bayyana wa duniya a shekarun 1960. Sunansa ne ya bi lanƙwasar har yau. Raina yakan sosu don De Casteljau, wanda ya riga kowa amma masu zane kaɗan ne suka san shi. Dubi kyan abin: maki huɗu kacal, biyu a bakin layi, biyu kuma kamar linzami suna jan layin ba tare da ya taɓa su ba. Da irin wannan lanƙwasa ake zana yawancin haruffan da ke cikin fayilolin PDF.

Yadda manhaja ke bin sawun hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Takan rage launuka, ta nemo iyakar da wani launi ya rabu da wani, ta kewaye shi da gajerun miƙaƙƙun layuka, sannan ta goge kusurwoyin su zama lanƙwasa. Potrace, wadda Peter Selinger ya fitar, haka take yi da baƙi da fari, ita ce kuma a cikin manhajar Inkscape. CorelDRAW na da PowerTRACE, Illustrator na da Image Trace.

Ga tambari, sa hannu ko zanen tawada, waɗannan manhajoji suna aiki sosai. Ga fuskar mutum kuwa, inda haske ke narkewa cikin inuwa babu iyaka, sai ta fito faci-faci kamar taswira, wani lokacin fayil ɗin ma ya fi hoton asali nauyi.

Ni dai shawarata ga mai koyo ita ce ya ɗauki hoton dagin Arewa a bangon wani gida a Zariya, ya bar manhaja ta bi shi, ya ƙirga makin da ta zuba a kan kowace tsaguwar siminti. Sa'an nan ya kulle hoton a ƙasa, ya ɗauki alƙalamin manhajar ya bi da hannunsa, yana sa maki a ƙololuwar kowace lanƙwasa kawai. Nasa zanen ne injin yanka zai bi ba gargada.