Rumbun Bayanai Daban, Ƙofarsa Daban

A tsakiyar zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Jimeta ke haura digiri 40, wani ɗalibi ɗan unguwarmu ya kawo mini laftof ɗinsa, fuska duk gumi. "Yaya, rumbuna ya lalace, furojet ɗina ya tafi," in ji shi. Fankar na'urar na ta huci, allon ya daskare. Muka kashe, muka kunna, muka shiga ta wata manhajar. Ga sunayen nan duka a jere, ko ɗaya bai ɓata ba. Ashe ƙofar ce ta cije, hatsin ciki lafiya lau.

Wannan bambanci ne ke rikita masu koyo da yawa, har da waɗanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Modibbo Adama ko Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola. Rumbun bayanai shi ne inda ake adana sunaye, farashi da ranaku cikin jadawali, bisa tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar a 1970. MySQL da PostgreSQL rumbuna ne. Su kuwa DBeaver, HeidiSQL, pgAdmin da MySQL Workbench, ƙofofi ne, wato manhajojin da ake ɗorawa a kwamfuta domin a leƙa rumbun, a zuba, a ɗebo, a gyara.

Kowace da halinta. DBeaver na buɗe rumbuna iri-iri, amma da yake an gina ta a kan Java, tana da ci; tsohuwar laftof ta hannu takan yi nishi kafin ta tashi. HeidiSQL, wadda Bajamushe Ansgar Becker ya ƙirƙiro, sakayau take, shi ya sa nake ganin ta fi dacewa da irin na'urorin da ke hannun yawancin yaranmu. Ita pgAdmin ta PostgreSQL ce kawai. Masu kemis da ƙananan makarantu kuma wasu na nan riƙe da Microsoft Access, wadda ta fito tun 1992. Ita ta haɗa rumbu da ƙofa wuri guda, kuma fayil ɗinta ba ya wuce gigabait 2.

Abin da ya fi damuna dai ba nauyin manhaja ba ne, sauƙin ɓarna ne. Da yawa daga manhajojin nan, da zarar ka ba da umarni, sun zartar, ba sa jiran ka sake tunani. Ka ce a goge, ka manta ka faɗi wane layi, to jadawalin gaba ɗaya ya tafi. Akwai saitin da ke riƙe canji sai ka tabbatar da kanka. DBeaver ma tana bari ka yi wa rumbun aiki na gaske launi daban da na gwaji. Minti biyu ya isa a saita, amma kaɗan ne ke yi.

Sai batun wuta. A garin da ake ɗauke ta ana tsakiyar aiki, batirin laftof kuma ya mutu tun tuni, ajiye kwafi kullum wajibi ne. Kuma kada kwafin ya kwana ɗaki ɗaya da kwamfutar: wanda ya ga yadda ruwan kogin Binuwai ya shiga gidaje a 2012 da 2022 ya san dalili. Ɗalibin nan tun ranar ya sayi filashi biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a gidan yayarsa da ke Yola.