Amanar Lissafi Tsakanin Baƙo da Mai Masauki a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa cike fom a intanet, ko ɗalibi ne a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora yana rajista, ko kuwa falke ne yana tura kuɗin masarar da ya saya a kasuwar garin, to ya amfana da wata hidima wadda ido ba ya riskarta, wato miƙa bayanai tsakanin harsunan kwamfuta biyu da ke zaune cikin manhaja guda. Na farkonsu shi ne mai masauki, harshe mai ƙarfi irin su C da C++, wanda da shi ake aza harsashin manhajar. Na biyun kuwa baƙo ne, ƙaramin harshe mai sauƙin rubutu, wanda ake dasawa a ciki domin a riƙa sauya wa manhajar umarni ba tare da an taɓa gininta ba. Daga mashahuran baƙin nan akwai JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙaga a 1995, yake kuma aiki cikin Chrome na wayoyinmu, da kuma Lua, wanda Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu suka samar a wata jami'a ta birnin Rio, a ƙasar Brazil, cikin 1993.

Asalin mas'alar shi ne, harsunan nan sun saɓa a kan yadda suke rarrabe jinsin bayani. A mazhabar C, wajibi ne a ayyana tun farko ko abu cikakkiyar lamba ce, ko mai ɓari, ko rubutu, a kuma yanka masa gurbi gwargwadonsa; alhali a wurin Lua kowane bayani yana tafe ne da shaidar jinsinsa, gurbi ɗaya kuma yana iya karɓar lamba yanzu, rubutu an jima. Saboda haka ma'abota Lua suka tanadi wani tari a tsakani, inda ɗaya zai ɗora abin da ya kawo, ɗayan ya ɗauka daga sama, bayan ya bincika ko mene ne.

A wajen ɗaukar nan ne amana ke salwanta. Alal misali, lambar waya da ta fara da 080, matuƙar aka mai da ita lambar lissafi, sifirin farko ya tafi ke nan, domin a hisabi ba shi da daraja a wannan matsayi, ga shi kuwa idan babu shi kira ba ya shiga. Shi ya sa masu basira ke riƙe ta a matsayin rubutu. Haka nan kuɗi: da yake lamba mai ɓari ba ta iya riƙe kashi ɗaya cikin goma daidai wa daida, an fi son a ƙidaya su da kwabo, amma gurbin C mai bit 32, irin mai ɗaukar riba da bashi, iyakarsa 2,147,483,647, wato naira miliyan 21 da ɗoriya. In aka zarce, sai ya zama tamkar an juye tiya cikin mudu, abin da ya zube kuwa ba mai shelar zubewarsa.

Mu Hausawa muna da namu rabon a cikin wannan jarrabawa, domin ƙ da ɗ da ɓ kowannensu gurbi biyu yake ci a tsarin ajiye haruffa na UTF-8, har kalmar ƙasa, mai harafi huɗu, Lua ya ƙirga ta biyar. Idan kuwa aka datse suna bisa wannan ƙidaya, ana iya raba harafi gida biyu, ya fito a takardar shaida da wata alama marar ma'ana. Bugu da ƙari, Lua daga 1 yake fara ƙidayar jeri, C kuwa daga 0.

Mafi hatsari shi ne kuskuren da ke wucewa shiru. Umarnin lua_tonumber, wanda da shi C ke ɗaukar lamba daga tarin nan, idan aka ba shi abin da ba ya komawa lamba, sifiri yake mayarwa, yayin da luaL_checknumber ke tsai da aiki ya bayyana aibin. Don haka ya kamaci duk matashin da ke koyon wannan fanni, kafin ya miƙa aikinsa ga jama'a, ya jarraba shi da lamba mai farawa da sifiri, da suna mai ƙ, da kuɗin da suka haura naira miliyan 22.