Sanata Uku Ga Kowace Jiha: Adalci Ne Ko Danniya?

Yau za mu leƙa Majalisar Dattawa ne. Jiha mai mutane da yawa da jiha mai mutane kaɗan, kowace kujera uku take da ita a can. Shin wannan rabo an yi adalci kuwa?

Bari mu fara da yadda tsarin yake. Majalisar Tarayya gida biyu ce. Akwai Majalisar Wakilai mai kujeru 360, akwai ta Dattawa mai kujeru 109. Sashe na 48 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce kowace jiha ta kawo sanata uku, Abuja ta kawo ɗaya. Jihohi 36 sau uku 108 ke nan, a ɗora na Abuja. Ita kuwa Majalisar Wakilai, yawan jama'a ake dubawa. Shi ya sa Kano ke da wakilai 24, Sakkwato 11, Bayelsa 5.

To, ga inda gardamar take. A ƙidayar 2006, Kano tana da mutum kusan miliyan 9 da dubu 400, Bayelsa kuwa kimanin miliyan 1 da dubu 700. Wato sanatan Kano guda yana ɗauke da mutum sama da miliyan 3, na Bayelsa bai kai dubu 600 ba, amma ranar kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa hannunsu ɗaya. Bakaniya za ta ce an tauye ta, don ƙuri'ar 'yar Bayelsa ta fi tata nauyi sama da sau biyar. Kuma maganarta a kan hanya take. Mu fa? Sakkwato tana da mutum kimanin miliyan 3 da dubu 700 a ƙidayar, kowane sanata ya tashi da wajen miliyan 1 da dubu 200. Wannan ya yi kusa da abin da za a samu in an raba jama'ar ƙasar duka a kan kujeru 109. Kin ga ke nan ba mu ci riba ba, ba mu yi asara ba.

Me ya sa aka yi haka da gangan? Ki dubi gidan mai mata biyu. Uwargida tana da 'ya'ya bakwai, amarya ɗanta guda. In an zo awon hatsi, ai ɗakin da bakuna suka fi yawa shi zai fi samun mudu. Amma rabon kwana fa? Daidai ake yi, ba a ƙirga 'ya'ya. Majalisar Wakilai ita ce awon hatsi, ta Dattawa ita ce rabon kwana. Doka ba ta tabbata sai majalisun biyu sun amince da ita, saboda haka manyan jihohi ba za su haɗa kai su murƙushe ƙanana ba, ƙananan su ma ba za su yi gaban kansu ba.

Daga Amurka muka aro wannan dabara. A 1787 jihohinsu manya da ƙanana sun ja daga a kan rabon kujeru, har aka sasanta a kan sanata biyu ga kowace jiha. Har gobe haka abin yake: Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39 da Wayomin da ba ta kai dubu 600 ba, kowace biyu gare ta. Su ma ba su daina muhawara a kai ba.

Sai dai namu tsarin yana da wani lauje cikin naɗi. Jihohinmu sojoji ne suka yanka su, kuma duk jihar da aka ƙirƙiro sai ta zo da kujerunta. A 1979 jihohi 19 ne, kowace da sanata biyar. Tsohuwar Jihar Sakkwato biyar gare ta. Aka cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, yau wannan ƙasa guda tana da sanata tara. Arewa maso Yamma mai jihohi bakwai tana da 21, Kudu maso Gabas mai jihohi biyar tana da 15, shi ya sa mutanen can ba su gajiya da neman ƙarin jiha. Su suna kukan ƙarancin jihohi, Kano da Legas suna kukan an ƙi duba yawansu. Kowa da inda yake masa ƙaiƙayi.

A ganina, rabon daidai a Majalisar Dattawa adalci ne muddin Majalisar Wakilai tana nan tana awo da yawan jama'a. Ƙasa mai ƙabilu da addinai irin tamu ba ta zauna lafiya in ƙarami ya tabbata ba shi da ta cewa.

Amma 'yar uwa, kada lissafin jihohi ya ɗauke miki hankali daga na gida. Mazaɓar Sakkwato ta Gabas ƙananan hukumomi takwas ce: Isa, Sabon Birni, Goronyo, Gada, Illela, Gwadabawa, Wurno da Rabah. Mutum guda ke wakiltarsu duka. Ibrahim Gobir ya riƙe kujerar daga 2011 zuwa 2023, aka zaɓi Ibrahim Lamido a 2023. A Majalisar Wakilai kuma Isa da Sabon Birni kujera ɗaya suke tarayya a kai. Yankin nan ne 'yan bindiga suka addaba, manoma suka bar gonaki, mata da yara da yawa suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi gudun hijira. Majalisar Dattawa ce ke tantance ministoci, har da na tsaro, kuma da hannunta ake zartar da kasafin kuɗin ƙasa. Hikimar da ta sa aka ba ƙaramar jiha murya, ita ce ta wajabta wa sanata ya saurari ƙauyen bakin iyaka kamar yadda yake sauraron cikin birni.

Akwai kuma rabon da ba a cika zancensa ba. A majalisar da aka rantsar a 2023, mata huɗu kacal suka samu kujera cikin 109, kuma babu ko guda daga Arewa maso Yamma. Mu ne masu cika layi ranar zaɓe, rana ta gasa mu da goyo a baya.

To me za ki yi? Ki san sunan sanatanki da na wakilinki. Ki adana katin zaɓenki, kada ki ba da shi don taliya ko sabulu. In ɗan takara ya zo, ƙungiyarku ta mata ta tambaye shi ƙuduri nawa ya gabatar a kan tsaro da asibiti da makarantar 'ya'yanku. Ki kuma sani Sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar yi wa ɗan majalisa kiranye, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sannan hukumar zaɓe ta shirya ƙuri'ar raba gardama. Abu ne mai wuya, amma sanin haƙƙi shi ne mafarin karɓarsa.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka.