Wannan Ƙarfen Na Mene Ne? Tsofaffin Kayan Aiki Daga Fadamar Guri

A ƙasar Guri, inda ruwan Haɗeja ke bazuwa cikin fadamu kafin ya gangara Nguru da Gashuwa, da wuya a rushe tsohon ɗaki ko a share gindin rumbu ba a ci karo da wani abu da matasan gidan ba su san sunansa ba. Wani ƙarfe ne, wani dutse, wani kuma gasasshen yumɓu. Galibi sai a miƙa wa 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. Ga goma daga cikin irin waɗannan kayan, da aikin da kowanne ya yi wa iyaye da kakanni.

1. Gatarin aradu

Manomi kan tono wani dutse mai santsi, girman tafin hannu, baki ɗaya a wase. Tun kaka da kakanni ana cewa tsawa ce ke jefo shi, shi ya sa masu magani ke adana shi. Masu binciken kufai sun tabbatar hannun mutum ne ya goge shi. Gatari ne na zamanin da ba a san ƙira ba, ana ɗaure shi a ƙota a sari itace. Abin mamaki, Yarabawa ma da tsawa suke danganta shi, haka mutanen Turai a da. Ƙasar Guri kuwa yashi ce da laka, dutse baƙo ne a cikinta. Duk wanda aka tsinta a nan, wani ne ya ɗauko shi daga nesa, ko da fatauci ko da ƙaura.

2. Itacen da ya tare mai haƙa rijiya

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya tarar da wani itace mai tauri a zurfin kusan mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale na maɗaci mai tsawon sama da mita 8. Awon da aka yi a Jamus ya nuna ya kai shekara 8,000, wato ya girmi duk wani jirgin ruwa da aka sani a Afirka. A lokacin babu gizago na ƙarfe, da kayan dutse aka sassaƙa shi. Yau yana Damaturu. Da mai rijiyar ya faskara shi ya hura wuta, da shi ke nan.

3. Ƙyastu

Ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da yatsu ke shiga cikinsa, galibi a 'yar jakar fata tare da ɓallin dutsen ƙanƙara da audugar rimi. Ana ƙyasta ƙarfen a jikin dutsen, tartsatsi ya faɗa kan audugar, a hura har ta kama. Matafiyi da mafarauci ba sa rabuwa da shi. Ashanar da ta kore shi, a Ingila aka ƙirƙiro ta a 1826.

4. Matsefata

'Yan ƙananan ƙarafa ne a haɗe wuri ɗaya: mai tsini, mai kaifi, da mai cizo. Duk don ƙaya aka ƙera su. Mai tsinin ya tono, mai cizon ya zaro. Wanda ya taɓa bin shanu ba takalmi cikin aduwa da bagaruwa da ƙarangiya ya san dalilin da makiyaya ke rataye ta a wuya.

5. Magurji da bakan shiɓa

Idan ka ga ɗan sandan ƙarfe mai kauri a tsaka, siriri a baki biyu, ya yi sumul don shan hannu, to ka nemi abokin tafiyarsa: wani shimfiɗaɗɗen dutse ko guntun katako, wato magurji. Tsohuwa kan zauna ta miƙe ƙafa, ta shimfiɗa 'yar auduga a kan magurjin, ta ɗora ƙarfen ta danna da tafukanta biyu tana murzawa gaba. Gurya ta riƙa tsalle tana fita ta gaba, farar audugar ta rage a baya. Daga nan sai ta ɗauko wani ɗan baka da baƙo zai ɗauka na wasan yara ne. Ba kibiya ake harbawa da shi ba. Tsirkiyarsa take fizga a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, sannan ta naɗe ta, ta shafa alli a yatsa, ta kama mazari. Da irin wannan zaren na tsakar gida aka saƙa tufafin da Baturen nan Heinrich Barth ya tarar Kano na tunƙaho da cinikinsu a 1851.

6. Gululu da nauyin taru

Waɗannan biyun su suka fi ruɗa mai tsintuwa a kufai, don dukansu gasasshen yumɓu ne mai huda, har wasu kan ce duwatsun ado ne. Gululu shi ne dunƙulen da ake sokawa a gindin mazari don ya ba shi nauyin juyawa. Kewayayye ne, hudarsa siririya kuma a tsakiya cif, sau da yawa da zane a jikinsa. Nauyin taru kuwa dogo-dogo ne, ba a damu da kyansa ba, kuma igiya ta ci bakin hudarsa. Shi ke jan gindin taru ƙasa kafin dalma ta karɓe aikin. Ɗaya na ɗakin mata ne, ɗaya na bakin gulbi.

7. Gorar masunta

Baƙo kan ga ƙatuwar gora mai ƙaramin baki a jingine a zaure ya ɗauka ta ajiyar hatsi ce. Jirgi ce. Masunci kan kifa cikinsa a kan bakinta, koma a hannun dama, koma a hannun hagu, yana tuƙi da ƙafafu. In ya haɗa komayen ya ɗago da kifi, sai ya ɗan ɗaga ƙirji ya jefa shi cikin gorar, ya sake kwanciya ya rufe bakin. Abu ɗaya ya zama abin hawa da ma'aji. Har gobe ana ganin wannan gwaninta a bikin su na Bade da na Argungu.

8. Zago

Kan mashi ne mai kunnuwa da suka juya baya, da wurin ɗaura igiya. Wanda bai sani ba zai ce na yaƙi ne. Na ruwa ne, na kada da manyan kifaye irin giwan ruwa. Kunnuwan ke hana shi fita daga jikin naman, igiyar kuma ke nuna inda naman ya nutse. Dabarar ta girmi ƙarfe: a tonon da Graham Connah ya yi a Daima, kusa da Tafkin Chadi, a 1965 da 1966, an samu irinsa da aka sassaƙa da ƙashi.

9. Ashasha

Faffaɗan ƙarfe ne mai siffar jinjirin wata. In ba ƙota, ba ka cewa kayan noma ne. Ƙotar tasa ta fi mutum tsawo, kuma a tsaye ake noma da shi, ana tura shi ƙarƙashin yashi yana yanke saiwar ciyawa ba tare da ya juya ƙasa ba. Mangawan wajen Birniwa da Nguru da manoman Nijar sun san shi sarai. A jigawa yana cin fili fiye da fartanya nesa ba kusa ba, amma a lakar fadama ba ya shiga. Ganinsa a gida shaida ce cewa masu gidan sun yi noman tudu.

10. Jigo

Gwafa biyu a bakin ruwa, doguwar sanda a gicciye, curin laka a gindinta, guga ko ƙwarya a kanta. Mai lambu ya ja igiya ƙasa, nauyin lakar ya ɗago masa ruwan, ya juye a kwalbati zuwa fangali. Akwai hotonsa a bangon kaburburan Masar na sama da shekara 3,000. Injin ban ruwa da ya yaɗu a fadamu tun shekarun 1980 ya kwantar da shi. Ruwan kansa ma ya sauya hali tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kachala ta toshe hanyoyinsa. Sana'a in ta sauya, kayanta ke fara zama baƙi a gidansu.

In ka tsinci naka

Kada ka kankare shi, kada ka wasa shi. Tsatsa da dauɗar jikinsa da inda ya cinye su ne shaidarsa: wurin da ya yi santsi nan hannu ke kamawa, wurin da ya dakushe nan ke cin aiki. Ka riƙe inda aka same shi da abin da ke kusa da shi, don ƙarfen da aka tono a maƙera daban yake da wanda aka ciro a ɗakin tsohuwa. Sannan ka kai wa masu shi. Na ƙarfe, Sarkin Maƙera. Na ruwa, Sarkin Ruwa. Ƙaho mai huda a tsini da 'yan asake, Sarkin Aska. Na auduga kuwa, ka durƙusa gaban kakarka ka ce, "Kaka, me kuke yi da wannan?" Kada ka tsaya a suna, ka roƙe ta ta nuna maka yadda ake riƙe shi, ka ɗauki muryarta da hannunta a waya. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya yi kama da na tarihi mai nisa, a sanar da hakimi ko Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Dokar 1979 da ta kafa ta ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga Nijeriya ba da izini ba, kuma Gidan Makama na Kano na adana makamantansu. Maƙeri na iya sake ƙera matsefata gobe in an nuna masa samfuri. Amma tsohuwar da ta iya murza magurji in ta rasu ba wanda ya koya, ba maƙerin da zai ƙero wannan. A tambaye su tun suna tare da mu.