Garin da Ya Mayar da Talaucin Kakanni Haja: Yawon Buɗe Ido a Bento Gonçalves

A kudancin Birazil, cikin tsaunukan jihar Rio Grande do Sul, akwai wani gari mai suna Bento Gonçalves, kimanin kilomita 120 daga Porto Alegre, babban birnin jihar. Tun daga ƙofar shiga, wadda aka gina da siffar ƙatuwar gangar ajiye ruwan inabi, baƙo zai gane da me garin yake tinƙaho. Waɗanda suka sare dajin wurin talakawan manoma ne daga arewacin Italiya, akasari daga Veneto da Lombardiya da Trentino, waɗanda suka fara isowa a 1875 bayan gwamnatin Sarki Pedro na Biyu ta yanka musu filaye. A lokacin sunan matsugunin Dona Isabel. Sai a 1890 ya zama gari mai cin gashin kansa da sunansa na yanzu. Yau mazaunansa sun haura 120,000, kuma karɓar baƙi masu yawon buɗe ido ya shiga sahun manyan sana'o'insu, tare da noman inabi da ƙera kujeru da gadaje.

Abin da baƙon ke biyan kuɗi ya gani yana da ban sha'awa. Akwai tsohon jirgin ƙasa mai tururi, Maria Fumaça, da ke tafiyar kilomita 23 ta Garibaldi zuwa Carlos Barbosa, mawaƙa na bin taragu suna rera waƙoƙin da kakanni suka zo da su. Akwai hanyar Caminhos de Pedra, inda gidajen manoma na da suke jere: ƙasa an gina da baƙin dutse mai kauri domin ajiya, sama kuma katako ne inda iyali ke kwana. A wani gida ana niƙa hatsi da injin da ruwa ke juyawa, a wani ana yin cuku da nonon tumaki. A kan tebur za a kawo gasasshen ɗan tsako da polenta, wanda ba shi da maraba da tuwon masararmu, sai dai su sukan yanka shi su soya. Wannan tuwo shi ne abincin da ya riƙe ran mutanen farko lokacin da ba su da komai. Yanzu shi ake ci da cokali mai yatsu a gidajen abinci masu tsada.

Ba tun asali jikokin suke alfahari da waɗannan abubuwa ba. A zamanin shugaban ƙasa Getúlio Vargas, musamman bayan Birazil ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1942, an hana magana da harsunan Italiya da Jamus a bainar jama'a. Yara suka taso suna jin kunyar yaren gidansu, Talian, suna ganin gidan dutse alamar ƙauyanci ce, kuma duk wanda ya samu hali sai ya rushe ya gina na siminti. Bikin cika shekara 100 da zuwan kakanni, a 1975, ya fara juya wannan tunani, fim ɗin O Quatrilho na 1995, wanda aka ɗauka a yankin har ya shiga takarar Oscar, ya ƙara nuna wa sauran Birazil wurin.

Amma a ganina babban dalili na aljihu ne. A farkon shekarun 1990 Birazil ta buɗe kasuwarta, aka kafa ƙungiyar ciniki ta Mercosul a 1991, giyar inabi daga Ajantina da Chile ta kwararo da araha. Ƙaramin manomi da ke sayar wa manyan kamfanoni inabi ya ga kasuwa na neman kuɓuce masa. Mafitar da ta rage ita ce ya jawo mai saye har ƙofar gidansa, ya sayar masa da abin da ya sarrafa da hannunsa, ya haɗa masa da abinci da ɗakin kwana da labarin kakansa. Ba mamaki da aka buɗe Caminhos de Pedra a 1992, jirgin yawon ya fara aiki a 1993, sannan kwarin Vale dos Vinhedos ya zama yanki na farko a ƙasar da hukuma ta ba kayansa shaidar asalin wuri a 2002. Sanyin hunturu ma ya taimaka, domin mutumin São Paulo ko Bahia yana samun ɗanɗanon Turai ba tare da ya bar ƙasarsa ba.

Amfanin a bayyane yake. Gidajen da da tuni sun zama kufai an gyara su. Matasan da da sun tafi birni neman aikin masana'anta sun zauna a gonar gado. Yaren Talian, da aka taɓa kama mutane saboda shi, hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa ta amince da shi a 2014 a matsayin gadon al'adun Birazil. Ko wanda ba ya shan giya yana da abin gani da na sha, domin yankin ne cibiyar yin tataccen ruwan inabi marar sa maye a ƙasar.

Inda raina bai kwanta ba shi ne labarin da ake ba baƙo, wanda aka aske masa duk wani ƙaiƙayi. Ana cewa kakanni sun tarar da daji, alhali dajin yana da masu shi. Ƙabilar Kaingang ta zauna a tsaunukan nan tun kafin wani Bature ya taka su, kuma korar su aka yi, wani lokaci da bindiga. Gwamnatin da ta kira Turawa tana da burin cike kudu da farar fata a daidai lokacin da bauta ke gab da ƙarewa; da aka haramta ta a 1888, bayin da aka 'yanta ba a yanka musu ko taku ɗaya na ƙasa ba. Da wuya ka ji wannan a cikin taragon Maria Fumaça.

Ba tsohon zance ba ne kawai. A watan Fabrairun 2023 jami'an ƙwadago suka ceto ma'aikata sama da 200 a Bento Gonçalves, yawancinsu daga jihar Bahia, waɗanda wani ɗan kwangila ya kawo tsinkar inabi. Sun ba da labarin duka da ruɓaɓɓen abinci da bashin da aka ɗaure su da shi don kada su gudu. Manyan kamfanoni uku da suka ci moriyar aikinsu sun amince su biya real miliyan 7 na kuɗin Birazil. Abin takaici ne a ce garin da ke sayar da tarihin wahalar baƙi talakawa shi ne ya kau da kai daga wahalar baƙin da ke cikin gonakinsa. Ga kuma tsadar ƙasa: otal-otal da rukunin gidajen masu kuɗi suna cin filayen inabi, wato ainihin abin da baƙi ke zuwa gani. Ambaliyar Mayun 2024, wadda ta zaftare hanyoyi ta kuma rufe filin jirgin saman Porto Alegre na watanni, ta nuna wa masu dogaro da baƙi cewa sana'ar tana iya tsayawa cak dare ɗaya.

Maƙwabciyar Bento Gonçalves, Caxias do Sul, wadda ita ma 'yan Italiya suka kafa, tana da Bikin Inabi tun 1931, amma ƙarfinta na masana'antu ne. Can ne gidan Marcopolo, mai ƙera manyan motocin safa da muka saba gani a titunan Nijeriya. Masana'antun nan sun jawo sababbin baƙi daga Haiti da Senegal da Ghana, cikinsu har da Musulmi da dama, masu neman abin da mutanen 1875 suka zo nema.

Hukuncina shi ne yawon buɗe ido ya yi wa Bento Gonçalves rana, kuma jikokin manoman sun cancanci ribar guminsu. Sai dai akwai bashi a kansu: su saka Kaingang da ma'aikatan Bahia cikin labarin da suke sayarwa, su kuma tabbatar duk wanda ya tsinki inabi a gonakinsu an biya shi haƙƙinsa cikakke.