Lissafin da ke gaya wa manomi ko wayarsa za ta isa shinge kafin ya kashe kuɗi

Da an kammala girbin masara da auduga a yankin Funtua da Malumfashi, hankalin manoma da dama yakan koma fadama. A gefen madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye da kuma fadamun Danja, ana shiga noman rani na tumatir da albasa da tattasai. A lokacin ne kuma ciyawa ke ƙarewa, dabbobi su bazu neman abinci, shinge ya zama dole.

Wayar shinge ba ta da araha, don haka tambayar da ke gaban mai lambu ita ce ko abin da ya saya zai kewaye filin da yake so. Amsar tana cikin wani darasi da ɗaliban babbar sakandare ke yi, wanda da yawansu ke haddacewa don jarrabawar WAEC da NECO kawai.

Yadda lissafin yake

A ɗauka manomi na da waya mita 100, yana son lambu mai kusurwa huɗu da girmansa ya kai murabba'in mita 600. Tsawo da faɗi idan aka haɗa za su ba da 50, wato rabin wayar. Idan faɗin ya zama x, tsawon zai zama 50 − x, lissafin kuma ya koma x² − 50x + 600 = 0.

Wannan shi ake kira lissafin kwadiratik, mai siffar ax² + bx + c = 0. Kafin a fara warware shi, akwai lamba ɗaya da ke rarrabe ko yana da amsa ko babu. Malaman lissafi na kiranta diskiriminan, kuma ana samun ta da b² − 4ac.

A nan a ita ce 1, b ita ce −50, c kuma 600. Saboda haka 2,500 a cire 2,400, saura 100. Tunda lambar ta haura sifili, amsa biyu ce: 20 da 30. Lambu mai mita 20 a gefe ɗaya da 30 a ɗaya gefen ya cika murabba'in mita 600 cif.

Idan manomin ya nemi murabba'in mita 625, lissafin zai zama 2,500 a cire 2,500, wato sifili. Amsa ɗaya ce tak: mita 25 ta kowane gefe. Nan ne iyakar abin da waya mita 100 za ta iya kewayewa a fili mai kusurwa huɗu.

Idan kuwa ya ce sai murabba'in mita 700, za a cire 2,800 daga 2,500, a samu −300. Lambar ta faɗi ƙasa da sifili, ma'ana babu amsa a lambobin da ake awo da su. Ko yaya ya juya turakun, wayar ba za ta isa ba.

Daga Bagadaza aka faro

Wannan dabara ta daɗe. Wajen shekarar 820, a zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljebra ta samo asali daga sunansa. Ya bayyana cewa ya yi shi ne don buƙatun jama'a irin su rabon gado da ciniki da awon ƙasa da haƙa magudanan ruwa.

A ciki ya kawo misalin x² + 21 = 10x, wanda amsoshinsa su ne 3 da 7, ya kuma yi bayanin yanayin da ake samun amsa ɗaya da wanda tambayar ba ta yiwuwa. Sunan da ake amfani da shi a yau ya zo ne daga baya, a 1851, ta hannun masanin lissafi ɗan Ingila James Joseph Sylvester.

Amfaninsa ga ɗalibi da manomi

Ga ɗalibin da ke son karanta aikin gona ko injiniyanci ko likitanci a jami'a, kiredit a lissafi wajibi ne. Duba wannan lamba da farko na rage ɓata lokaci a ɗakin jarrabawa, domin tana nuna inda tambaya ta dosa tun kafin a shiga dogon aiki.

Ga mai lambu kuwa, tana nuna abin da ya rage masa. Wanda ya nace kan murabba'in mita 700 sai ya ƙaro waya mita 6. Da mita 106, rabi ya zama 53, lissafin ya koma 2,809 a cire 2,800, saura 9. Lambun zai fito mita 25 a gefe ɗaya, 28 a ɗaya gefen.