Rediyon Motar Gwanjo: A Duba Waya Kafin A Saurari Kiɗa

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa Kumasi ko Tema sayen motar gwanjo, wadda a nan Gana ake ce wa "hom yus", 'yan'uwanmu na Najeriya kuma su ce "tokumbo", ya san yadda cinikin yake tafiya. Za a buɗe inji a leƙa, a daki taya da ƙafa, a ɗan zagaya gari. Sai dillali ya miƙa hannu ya murɗa rediyo, kiɗa ya tashi har gilashi yana rawa, kowa ya yi murmushi, a ce mota ta yi. To, a daidai wannan wuri ne yawancinmu muke yin sake, domin wayoyin da ke bayan rediyon nan, waɗanda ido ba ya gani, su ne za su nuna ko motar za ta tashi gobe da asuba, ko kuwa za ta kama wuta wata rana tsakanin Tamale da Salaga.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wani abokin aikinmu, malamin makaranta a Yendi. Ya yi shekaru yana adashi, Allah ya nufa ya sayi 'yar ƙaramar mota, a cikinta akwai rediyo mai allo, a but kuma akwai ƙaton akwatin lasifika da mai ita na farko ya bari. Duk ranar Litinin sai ɗalibai sun tura shi kafin ta tashi. Ya sayi sabon batir, bayan makonni kaɗan aka koma gidan jiya. Da ya je wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota, sai dattijon ya kashe motar, ya zare makulli, ya sa ma'auni a kan batir, ya ce, "Ticha, batirinka lafiyarsa ƙalau. Kana da baƙon da ba ya barci ne a cikin but." Ashe amfilifayar da ke ba akwatin nan ƙarfi an ɗaure ta ne kai tsaye da batir, ko an zare makulli tana nan a kunne.

Lissafin ba shi da wuya. Batirin ƙaramar mota yakan ɗauki kamar amfiya 45, wato zai iya ba da amfiya 1 na tsawon awa 45. Motar da ke da lafiya, idan an kashe ta, abin da take sha bai kamata ya wuce kashi 1 cikin 20 na amfiya ba. Idan kuwa wani abu yana shan amfiya 1 a ɓoye, dare ɗaya na awa 12 ya cinye kusan rubu'in batir, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin kuwa ya ƙare ƙaf. Batirin da ake zuƙe shi haka a kai a kai ba ya daɗewa, ko da sabo ne.

RUBUTUN JAPAN, TASHOSHIN GANA

Motocin da muke saye sun fito ne daga ƙasashe dabam-dabam, kowace kuma da irin rediyonta. A nan Gana tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. A Japan kuwa zangonsu ya fara ne daga 76 ya tsaya a 90, sai a wajejen 2014 aka faɗaɗa shi zuwa 95. Saboda haka tsohon rediyon Toyota Vitz da ire-irenta ɗan tsagi kaɗan kawai yake iya kamawa daga cikin namu. Direban Bawku zai iya samun URA Radio ta Bolgatanga, wadda lambarta take ƙasa da 90 kaɗan, amma na Yendi da na Salaga za su yi ta murɗawa ba su sami Radio Savannah ta Tamale ba, domin ita ta ɗara 90. Akwai wata 'yar na'ura da ake saƙalawa tsakanin eriya da rediyo, tana sauko da tashoshi zuwa inda rediyon zai kai. Idan mai rage 10 ce, Joy FM ta Ankara, babban birnin ƙasarmu, wadda take kan 99.7, sai ta fito a kan 89.7. Tana aiki, sai dai takan rage ƙarfin tashar da ke nesa, mu kuwa a nan arewa yawancin tashoshi nesa suke da mu.

Motar Amurka nata aibin dabam ne: rediyonta yana tsallake ne bi-biyu, 88.1, 88.3, 88.5, har zuwa sama, don haka tashar da lambarta ta ƙare da 2, 4, 6 ko 8 ba za ta fito tas ba. Na Turai kuma, kamar na Opel da Volkswagen, da yawansu suna da lambar sirri ta maganin ɓarayi. Da zarar an cire kan batir sai rediyon ya kulle, ya rubuta CODE ko SAFE, lambar kuwa tana cikin wata takarda da aka bari a Jamus ko Holan. Wasu na Japan masu allo su ma haka suke, idan babu katin taswirarsu sai su cika allo da rubutun da ba wanda zai iya karantawa.

Waɗannan dalilai ne suke sa a cire rediyon asali a sa na kasuwa, ko dai a can waje ko a nan gida. Canjin ba laifi ba ne. Yadda ake yin sa ne abin dubawa.

INDA ƁARNAR TAKE

Rediyon kasuwa yana zuwa da wayoyi masu launi, kowace da aikinta. Rawaya tana zuwa batir, ita ce take riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Ja tana bin makulli, idan an kashe mota ta mutu. Baƙa tana kama jikin mota. Shuɗiya mai farin layi ita ce take tada amfilifaya ta kuma kwantar da ita. Mai gaggawa sai ya murɗe ja da rawaya wuri ɗaya don mai mota ya riƙa jin kiɗa ba makulli, shi ke nan an haifi irin baƙon da muka ambata. A wasu motocin Opel da Volkswagen kuma gurbin wayoyin nan biyu a juye yake, shi ya sa za ka ga rediyo yana manta tashoshinsa kullum da safe.

Akwai soket na musamman da ake sayarwa a Abossey Okai da Suame Magazine, wanda yake haɗa rediyon kasuwa da wayoyin mota ba tare da an yanke ko ɗaya ba. Amma sau da yawa ana guje wa kuɗinsa, a sa reza a yanke, a murɗa da hannu, a naɗe da salatif, wani lokaci ma da leda. Zafin watan Maris da Afrilu yana narkar da gam ɗin salatif, ƙurar hunturu ta shiga, gargadar hanya ta yi ta goga waya da ƙarfe har ta fere. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Mafi haɗari ita ce ƙatuwar wayar da take tashi daga batir ta ratsa ƙarƙashin kujeru zuwa but. Ƙa'ida ita ce a sa mata fis kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya, wato kamar santimita 45. Idan babu shi, ko kuma ya ƙone an maye gurbinsa da guntun waya ko takardar taba mai ƙyalli, to ranar da wayar nan ta taɓa jikin mota duk ƙarfin batir zai bi ta cikinta, ta yi ja, ta kama kafet da soson kujera. Bugu da ƙari, tun ranar 4 ga Agustan 1974 muke tuƙi a hannun dama, Japan kuwa a hagu suke tuƙi, saboda haka motocin da aka yi don kasuwarsu sai an juya musu sitiyari. Motar da aka yi wa wannan aiki an riga an taɓa wayoyin gabanta sau ɗaya tun kafin mai rediyo ya zo ya ƙara nasa.

ABIN DA REDIYO YAKE A WURINMU

Mai karatu zai iya cewa, to a cire shi mana a huta. Mu dai ba mu ga haka ba. Mutanen zango masu sauraro ne tun kaka da kakanni: Hausa tana cikin harsunan da gidan rediyon Gana ya daɗe yana watsa labarai da su, Sashen Hausa na BBC kuma tun 1957 yake shiga gidajenmu. Waɗanda muke yara a watan Fabrairun 1994, lokacin da rikici ya tashi a yankin Bimbilla ya kai Yendi da Salaga har aka kafa dokar ta-ɓaci, muna tuna yadda iyayenmu suke kewaye rediyo don su ji wace hanya ce take biyuwa. A Bawku ma, da aka sake sa dokar hana fita a ƙarshen 2021, direban da ya taso daga Bolgatanga da yamma yana bukatar ya san ƙarfe nawa za a rufe gari kafin ya tsallake Zebilla. A irin wannan rana tashar da take fitowa tas ta fi akwatin da yake girgiza but amfani, motar da take tashi bugu ɗaya kuma ta fi su duka.

KAFIN A BIYA KUƊI

Shawararmu ga mai shirin saye ita ce ya tafi da mai gyaran wuta, kamar yadda yake tafiya da fita mai duba inji. A zaro rediyon a leƙa bayansa, aikin 'yan mintoci ne. Idan an ga soket, madalla. Idan an ga curin salatif, a sa kuɗin gyara cikin ciniki. A bi ƙatuwar wayar batir a ga ko tana da fis. A zare makulli, a rufe ƙofofi, a jira kaɗan, a auna abin da motar take sha. A kunna inji a auna batir: ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4, idan kuma fitilu suna dusashewa duk lokacin da ganga ta buga, to kayan kiɗan sun fi ƙarfin abin da yake cajin motar. A murɗa rediyon a ga ko lambarsa tana kai 108. A tambayi lambar sirri a rubuta ta tun dillali yana gabanka.

Wanda kuma ya riga ya saya, ya ga ba ya bukatar akwatin da ya gada, kada ya cire shi ya bar wayarsa tana lilo a but, domin har yanzu da wuta a jikinta. A fara kwance ta daga kan batir. A sababbin motoci kuma a yi hattara, domin a wasunsu ƙarar gargaɗin bel da ta ƙofa ta cikin rediyon asali take bi, idan an cire shi da garaje sai a rasa su.

Daga ƙarshe muna kira ga matasanmu masu tasi da masu motocin haya da su rage murya, musamman a bakin masallaci da asibiti da makaranta. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, idan ana jin ta awa 8 kullum, tana cin kunne a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Direban da kiɗa ya cika wa kunne ba zai ji hon ɗin babur ba, hanyoyinmu kuwa babura da kekuna da shanu sun fi motoci yawa.

Shi dai abokin namu, dattijon nan ya kwance masa amfilifaya, ya sa soket, ya bar masa lasifikokin ƙofa huɗu. Akwatin kuma ya ba makarantar, yanzu da shi ake kiran taron safe. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.